Shagona yana kallon kolej

Shagona yana kallon ƙofar kolej,
nan Tawa, kan hanyar da ke gangarawa Babaye.
Shekara goma sha ɗaya ina taka keken nan.
Ban taɓa zama a aji ba,
amma ko baya suka juya mini
ina rabe ɗan sizyam da ɗan turwaziyam.

Ɗan sizyam, uwa ce ta zaɓa masa wando,
da faɗi, da tsawo, wai ya girma a ciki.
Wata uku kawai ake yi,
sai ga shi bakin shago yana susar ƙeya:
"Baba Illa, a rage ƙafar."
In rage. Jibi ya dawo: "A ƙara."
Na ce, yaro, ta ina diddige zai wuce?
Ya ce, da leda ake zura shi.

Habsu da Ramatu kuwa launi suke nema,
wanda ba shi da suna a Hausa,
tsakanin ɓawon albasa da sararin magariba.
Sai hijabi ya gaisa da igiyar takalmi,
in ba haka ba, wai ranar ta lalace.

Abin da suke ci, a riga nake karanta shi.
Wannan ɗigon mayonez ne, na rumfar Tsayabu,
rabin burodi da ƙwai, mutum biyu.
Wannan ja, bisab mai ƙanƙara.
Wannan kore da ke maƙale a maɓalli
kopton Inna Gado ne, na dala goma,
wanda suke cewa sun girme shi
amma suke ci a bayan bedi, da sauri,
kowa na yi kamar bai ga kowa ba.
Ran Alhamis ake haɗa kuɗi:
biyar a kan faranti ɗaya na aceke da kifi,
ba mai sa hannu sai an ɗauki hoto,
kan kifin kuma sai an yi ƙuri'a.

Rannan Sahabi ya kawo kwat ɗin babansa,
wadda ta zo daga Abijan cikin kayan Salla.
Kafaɗarta za ta ɗauki Sahabi biyu.
Ina laluben aljihu na ji nauyi:
littafi ne, ba bango, ba suna,
an ɗaure shi da robar ƙunshin gyaɗa,
gefensa ya yi baƙi don yatsu.
Ya ce kwana ɗaiɗai ake ba kowa,
ya zaga aji biyu da rabi,
kuma tun kafin ya iso hannunsu
akuya ko wani mugu ya cinye ƙarshen.

Ashe Habsu ta yagi tsakiyar kayenta
ta rubuta masa ƙarshe da jan bik.
Alkasum ya ce ƙarya ne, jarumin ba ya kuka,
ya rubuta nasa.
Wata ƴar sankiyam da ba a tambaya ba
ta kawo na uku, ta kashe kowa.

Washegari suka cika mini ƙofa,
har suka tare hasken da nake zura zare.
"Baba Illa, kekenka yana ɗinka takarda?"
Allura biyu na karya.
Na haɗa duka ukun, na yi bango da ƙyallen kaki,
ragowar ƙafafun wandunansu.

Suka fara ƙirga sulalla a tafin hannu.
Na ce ku bar shi na kifi,
ladana a karanta mini.
Sahabi ya hau buhun ƙyallaye,
yana ɗauko Faransanci yana sauke shi da Hausa,
Habsu tana gyara masa, Alkasum yana musu.
Jarumin ya kai bakin kogi, ba jirgi,
sai aka buga ƙarfen komawa aji.

Kwana huɗu ke nan.
An ce littafin yana hannun wani a Wadata.
Ni dai ina nan ina rage ƙafar wando,
mutumin kuma yana tsaye bakin ruwa.