Kalmar da Na Gada

Kwana uku aka ce, a zauren wata makaranta a Farin Gada.
Ni kuɗin mota ya kawo ni, da shayin safe.
Shekara sha tara ina cin ƙurar alli,
me kuma ya rage a koya mini?

Malama Kangyang ba ta buɗe littafi ba.
Ta raba mana 'yan takardu, ta ce,
"Kowa ya rubuta sunan da ya taɓa jifan ɗalibi da shi.
Kada ya sa hannu."
Ta tara a kwalin sabulu, ta girgiza, ta soma zarowa.

Arne. Ɗan ta'adda. Baƙo. Maci kare.
Kowace ta faɗo, sai wani ya shiga duban ƙasa.
Ta bakwai tawa ce, na gane karkatar rubutuna:
Bayahude.

Sagiru na faɗa wa, ɗan aji biyar,
ranar da ya hana aron biro.
Aji ya kwashe da dariya, har da ni.
Sunan ya bi shi filin ƙwallo,
ya bi shi gida Rikkos,
har yaron ya daina ɗaga hannu.

Ta ce, "Wa ya taɓa zama da Bayahude a cikinku?"
Ruwa kawai ke dukan kwanon rufi.
"Wa ya taɓa roƙonsa gishiri ya hana?
To ta wace hanya rowarsa ta iso ajinmu?"

Na tuna kakata tana jifan mai manja da shi,
na tuna direban Bukuru da yaron motarsa.
Ba wanda ya ga mutumin,
kowa ya haddace laifinsa.

Wani daga baya ya ce, "Ba kya jin labarai ne?"
Ta ce, "Ina ji, ina kuma kuka.
Amma mai mulki daban, jariri daban.
Kai ka yarda a ɗaure ka
don laifin duk mai irin sunanka?"

Sai ta ɗaga hoto: tulin takalman yara,
a wata ƙasa da ta fi Jos sanyi.
Ta ce, "Ba da wuta aka fara ba.
Da barkwanci aka fara, wani sa'in a bakin malami."
Mu 'yan garin nan ba sai an fassara mana
takalmin da mai shi bai dawo ba.
Malam Dachung na gefena ya cire tabarau.
Gidansa ya ƙone shekarar da namu ya ƙone,
yau muka fara raba benci.

A hanyar gida na wuce kududdufin kuza.
Waɗanda suka haƙa sun daɗe da tafiya,
ruwan ya kwanta luf, kore, kamar ba komai,
amma duk damina sai ya ci yaro.
Ba ni na haƙa ba.
Ni dai na tura.

Litinin na tsaya gaban aji, bakina ya bushe.
Na ce, "Sagiru, na zalunce ka,
na kuma zalunci mutanen da ban taɓa gani ba."
Bai ce komai ba. Ya ci gaba da murza biro.

Laraba, ana lissafi,
hannunsa ya tashi, iya kunne.
Amsar ba daidai ba ce.
Na ba shi alli, na ce, "Zo mu nemo ta tare."