Rumfar Gyara a Wunti

Goggo Dudu ta zo daga Liman Katagum,
waya ƙulle a haɓar zane,
gilashin ya tsage kamar fadama da rani.

Na ce, "Goggo, gyaran ya fi kuɗin sabuwa."
Ta ce, "Ba waya na kawo maka ba, yaro.
Muryar Sabi'u ce a ciki."

Kwana biyu ina bin jijiyoyinta da dalma.
Aka ɗauke wuta,
na roƙi janaretan mai aski.
Ran Laraba ta buɗe ido.

Daƙiƙa tara kacal:
"Goggo, mun wuce Alkaleri,
ki rage min tuwo."

Ta saurara sau huɗu.
Da ta kwance kuɗi,
na ce ai caji ne kawai ya ƙare.