Waɗanda Suka Riga Gambo

Kakata ba ta ƙirga 'yan'uwanta da baki,
da yatsu take yi, tana tsintar shinkafa a faifai.
Ta lanƙwasa uku, ta tsaya,
ta dubi biyun da suka rage a miƙe,
sai ta ce in tashi in kore mata kaji.

Bayan sadakar arba'in na buɗe adakarta.
Ƙarƙashin zannuwa da ƙamshin kanumfari
ga wata takardar ajami, ta sha ninki har ta gaji:
Jatau, Cindo, Lantana.
Ba shekara, ba gari.

Na roƙi hutun kwana huɗu a wurin aiki,
na hau bas daga Tudun Wada
zuwa gidan adana takardun tarihi.
Malam Shekarau, mai tabarau ɗaure da zare,
ya dire mini ƙunshi ya ce,
"'Yata, takarda ba ta mantuwa,
sai dai gara ma tana karatu."

Jatau na fara samu, a littafin albashin reluwe.
Mai zuba kwal a cikin jirgi, Kaduna zuwa Kafanchan.
An ci shi tarar sule biyu, ya makara wata Talata.
Wata goma sha ɗaya yana dangwala yatsa,
a na sha biyu gurbin ya zama fari fat,
sai jan alƙalami a gefe: a bai wa matarsa.
Ashe ya yi aure.
Ba su ga dalilin rubuta sunanta ba.

Cindo hannunsa ne ya tona shi.
Akawun soja ya rubuta: yatsa shida a hagu.
An sa shi a jirgin ruwa zuwa Bama,
a gida aka yi masa salla babu gawa.
Amma ga shi a shafi na gaba, ya dawo,
ya karɓi bargo ɗaya da kuɗin sallama
a barikin nan, tafiyar sa'a guda daga ɗakin kakata,
bai kuwa taɓa zuwa ya yi mata sallama ba.
Na fita waje. Na sayi gyaɗa, na kasa ci.

Lantana a gaban alƙali na iske ta, tana faɗa.
Mai tuwo ce a ƙofar masaƙar Kakuri,
ta kai ƙarar wani direba kan bashin kwano sittin da bakwai.
Magatakarda ya ɗauki maganarta yadda ta fito:
"Cikinsa ya san ni, ko bakinsa ya manta."
Na yi dariya har Malam Shekarau ya ɗago kai.
Muryar kakata ce sak,
har da inda take jan numfashi.

Rana ta huɗu ina sa hannu zan tafi,
ya tambayi sunan marigayiyar.
Na ce Gambo.
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
"To, ina tagwayen?"

Kowane yaro ya san wa ake kira Gambo.
Ni ma na sani.
Shekara talatin ina jin sunan a tsakar gida,
ban taɓa jin abin da yake faɗa ba.

Muka koma ciki.
Rajistar haraji: jarirai ba sa biya.
Littafin asibiti: gara ta riga mu.
Babu Hassan, babu Usaini,
ko mata ne ma, wa ya sani.

Da yamma na tsaya a kan gada,
kogin ya cika da ruwan Agusta, ja kamar kunun kanwa.
Shekara tamanin da ɗoriya tana amsa sunan nan,
mai manja ya kira, jika ya kira,
ta ce na'am,
ita kaɗai ta san su uku take amsa wa.

Na lanƙwasa yatsu uku a kan ƙarfen gadar.
Biyun na bar su a miƙe
har kwandasta ya ce Hajiya, za ki ko ba za ki ba.