Taku Goma Sha Ɗaya

Taku goma sha ɗaya ne tsakar gidanmu a Dilimi,
in ka cire rijiya da murhun Kande, saura tara.
Lissafi kuwa ya kafe: sai ashirin da bakwai
kafin waya ta ji abin da sama ke faɗa.

Daga cikin mataccen injin ban-ruwa na warware ta,
jan ƙarfe siriri, launin gemun masara.
Dare biyu ina miƙar da ita da tsumma
har yatsuna suka yi kanta.

Kai ɗaya na ɗaure a ƙusar tagata,
na bi da ita bakin kwano, na karya kwana a tanki,
wuyan kwalba a kowace kusurwa
don kada ƙarfe ya shanye mata murya.
Ta takure kamar fasinjan tsakiya a motar Bukur,
duk da haka taku shida suka rage
naɗe a hannuna, ba masauki.

Gari na wayewa Kande ta shanya zannuwa a kai.
Na ce, baiwar Allah, wannan fa kunne ne.
Ta ce, to ya ji da kyau: kayana ba su bushe ba.

Da dare na kunna akwati.
Shuuu, kamar ana suyar dankali a Taminus.
Na danna, na kira, allura ta harba zuwa ja.
Na san karatun:
maganar da ta rasa hanyar fita
gida take komowa ta ƙona mai ita.

Bayan katanga akwai bishiyar fiya,
ta Baba Dalyop.
Tun shekarar hayaƙi aka ƙara bulo uku
da fasassun kwalabe a sama,
gaisuwarmu ta koma tari,
shi daga can, ni daga nan.

Kwana huɗu ina kallon reshen.
Ran na biyar na zagaya ta titi,
tafiyar da a da tsallake ɗaya ce.
Ya fito da hular sanyi, ya daɗe yana dubana.
Ya ce, Zakari, ka tsufa.
Na ce, aron reshe na zo.
Ya ce, kada dai ta kira mini tsawa.
Na ce, na binne turken ƙarfe gefen rijiya,
kuma hadari na haɗowa kan dutsen Shere zan zare ta.
Ya ƙwala wa jikansa kira.
Davou ya ɗare sama da bakin wayar a haƙori.

Daren nan allura ta kwanta luf kamar kyanwa.
Na kira sau uku. Sanyi na shigowa ta ƙasan ƙofa.
Can ƙarƙashin suyar, wata murya ta ɗago,
wani tsoho a tsibirin da sai na duba taswira,
wai ƙanƙara ta rufe masa mota.
Ya ce yana jina, biyar da bakwai.
Ya tambayi tsawon hasumiyata.
Na ce, ƙusa ce da bishiyar maƙwabci.
Na rubuta shi a littafi, hannuna na rawa,
ƙarfe sha ɗaya da minti takwas.

Da hantsi sai ga Dalyop a zaure,
fiya uku a aljihun kwat.
Wa ya amsa?
Na nuna masa ɗigon a tsakiyar teku.
Ya ce, to Bukur fa? Ƙanwata na can.
Na ce, ai halinta ke nan,
sama take dukawa ta faɗo nesa,
na kusa ne ba ta ji.

Ya yi shiru, yana bin wayar da ido
har inda ta haye kwalaben katanga.
Sannan ya yi dariya har da tari.
Ya ce, ashe irinmu ce.
Kawo wuƙa, wannan ta nuna.