Kwalin Sukari a Sama

A Tawa, bisa rufin ɗakinmu,
Baba Nomau ya koya mini sama:
ga Gamzaki, ga Kaza da ƴaƴanta.
"Ran da ta ɓuya, wasa hauya,
damina na bakin ƙofa."

Bana Habsu ta zo hutu daga Yamai,
ta aza kwalin sukari a tafinsa:
"Baba, tauraron da ake ƙerawa yanzu
bai fi wannan ba."

Ya girgiza kwalin, ya yi dariya.
"Wannan, da ba ya kai mu Juma'a?"

Ta ce zai hango fara tun tana ƙwai a Azawak,
ya ga tabkin da ya ƙafe
kafin shanu su ɓata kofato,
ya raɗa wa mai albasa
cewa fadamarsa na jin ƙishi.

Baba bai tanka ba.
Allura dai ƙarfe ce, ya sani.

Bayan lisha wani ɗigon haske
ya ratsa ta gefen Kaza, yana sauri.
Baba ya ɗaga sanda:
"Kaza ta yi baƙon tsako.
Habsu, tambaye shi,
ko ya ga raƙumina da ya ɓata bara?"