Rajistar Aji Huɗu

Alama biyu ce kacal a rajista:
karan tsaye ga wanda ya zo,
sifiri ga wanda bai zo ba.
Wanda ya tsara littafin nan
bai taɓa kwana a bakin kogin Haɗeja ba,
shi ya sa bai bar wa ruwa gurbi ba.

Daren wata Laraba, tsakiyar Agusta,
jingar da muka yi da buhunan yashi ta ce ta gaji.
Kafin assalatu gonar Baba Gwadabe ta zama tafki,
hanyar Auyo ta nutse.
Da safe na buga tsohon ƙarfen da ke rataye a dalbejiya,
kwaɗi suka amsa.

Kwana goma sha tara.
Makarantarmu a tudu take, sai gari ya tare a cikinta.
Aji ɗaya, jiƙaƙƙun buhunan gero.
Aji biyu, awakin Iya Tasalla,
sun cinye taswirar ƙasa tun daga Legas har Lakwaja.
A aji uku aka yanke wa jaririya cibi
ƙarƙashin jadawalin sau bakwai.
An raɗa mata Sa'ade,
amma har yau Ta-Aji ake ce mata.

Ana nan sai ga takarda daga sakatariya,
a kwalekwale ta iso, naɗe cikin leda,
a aljihun Malam Nafi'u mai duba makarantu,
wandonsa tattare har gwiwa.
An ƙara kwanakin zango.
Duk ranar da aka rasa, a rama ta ran Asabar.
Kada a sake rufe makaranta sai da izini a rubuce.
Na ce, ranka ya daɗe, ai ruwan bai nemi izini ba.
Ya murmusa, ya matse safarsa,
ya ce shi aiko shi aka yi.

Asabar!
Ranar da Hansatu ke raka uwarta kasuwa da bandar kifi,
ranar da Ɗanliti ke tsaye kan rumfa da gwangwani
yana korar jan-baki daga 'yar shinkafar da ta tsira.

Ba na ja da lissafi.
Na san abin da kwana sha tara ke ci.
Sagiru da ya fara haɗa baƙi da wasali
ya dawo yana kallon allo kamar surukinsa.
Rana bashi ce, na yarda.
To wa ake bi?
Bara da bazara kwano ya gasa mu,
yara biyu suka sume kafin sha ɗaya,
na sallami kowa,
ita ma ranar ban san inda zan rubuta ta ba.

Muka zauna da iyaye da mai unguwa,
tabarma ba ta gama bushewa ba.
Aka bar wa kasuwa Asabar ɗinta,
aka ba ni awa guda kullum bayan la'asar
har a yanke shinkafa.
Babu wannan a takarda.
Yana dai cikin bakin dattawa.

Jiya Hansatu ta ari rula,
ta auna zanen da ruwa ya bari a bangon masallaci.
Santimita tamanin da bakwai.
Ta ce, Malam, in bana nan ya kai, baɗi fa?
Na duba littafin malami har bangon baya.

Da dare na kunna cocila, na buɗe rajista.
Suna arba'in da uku, gurbi sha tara-tara.
Ban ja kara ba, ban zagaya sifiri ba,
ɗan layi na yi mai lanƙwasa, kamar igiyar ruwa,
ɗaya bayan ɗaya har biro ya fara shaƙewa.
In Malam Nafi'u ya tambaya, zan ce sun zo.
Da su, da iyayensu, da awakinsu.
Tun da aka gina makarantar nan
ba ta taɓa cika haka ba.