Littafin Bashin Mai Gyaran Inji

Rumfata tana gab da gadar Kwalkwalawa,
kwano biyu, buhu ɗaya, da benci mai ƙafa uku.
Injin ban-ruwa nake gyarawa.
Baƙin mai ya shige ƙarƙashin farcena ya yi gida,
ko ranar Idi ba ya fita.

Ubana da jigo ya yi nasa zamani.
Guga ya sauka, guga ya hau,
tun asuba har kafaɗa ta ce a'a.
Fangali arba'in ya shayar, ya ce ya gode.
Yau yaro zai finciki igiya sau ɗaya,
sai Rima ya biyo tiyo
kamar rago ya ga mai dussa.

Ina da littafi, bangonsa ya sha mai ya ƙoshi.
Arzika: fulogi biyu, sai albasa ta yi.
Nomau na Dundaye: kafireto, sai an yanke shinkafa.
Tumba mai suyar kifi ba ta da inji,
ɗanta Modi ke da shi, ita ke biya,
tarwaɗa uku a takarda
ranar da taru ya yi abin kirki.

Ban taɓa neman jingina wurin kowa ba.
Iyaka in leƙa ƙarƙashin gada
in ga inda ruwa ya tsaya a jikin ginshiƙi.
Can mai tsaya musu yake kwance.
Bai iya sa hannu ba, bai san lissafi ba,
amma in ya cika alkawari, kowa ya cika.

Buda direba, mai kai albasa kudu,
ya ce ruwan nan da nake wanke sifana a ciki
yana wuce Argungu, ya faɗa Kwara,
ya juya injin lantarki a Kainji,
ya gaisa da Binuwai a Lokoja,
ya ɗauki jiragen doya da na katako har bakin teku.
Na ce, to in ka sake haye shi
ka tambaye shi kwan fitilata,
kwana tara ke nan bai kama ba.

Akwai shekarar da ruwa ya zo da dare.
Da safe babu kunya, babu fangali,
sai kan dawa yana lilo kamar mai neman ceto.
Inji goma sha ɗaya aka tono daga laka,
aka jera mini su kamar masu jinya.
Shafi huɗu na yage a daren nan.
Uwargida ta ce, da me za mu ci?
Na ce, wa zan kai ƙara, gulbi?

Bayan ya janye, ya bar baƙar ƙasa mai maiƙo.
Albasar bana ta fi dunƙulen hannu, in ji Arzika,
ya ajiye mini buhu bai ce komi ba.
Ban ce masa na yage shafinsa ba.

Abin da ke hana ni barci yanzu daban ne.
Kafin bazara gulbi kan rame har ka ga haƙarƙarinsa,
tifa na kwasar yashi daga cikinsa,
masunta sun ce tafkin Kware ya ja da baya,
giwan ruwa sai a labarin tsofaffi.
Kowane inji da na tayar, wani baki ne na ƙara masa.
Wannan ban san shafin da zan rubuta shi ba.

Magariba ta yi. Fadama ta ɗauki guɗar injuna.
Na san kowane da tarinsa.
Wancan mai shaƙewa na Modi ne,
na ce masa ya daina haɗa mai da kananzir.
Gobe zai zo.
Bari in nemi biro.